Mujiyar Arboleda da Katakon Mama

Atlixco, 9 ga Oktoba

Yaya Anselmo,

Ina miƙo maka gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka da ƙarfinka, ciwon bayan nan bai sake tashi ba, sanyin Kanada kuma bai fara shiga ƙashinka ba tukuna. Kullum da safe idan na kunna kyandir gaban hoton Mama sai na ambaci sunanka, in ce Allah ya tsare hannuwan da ke tsinkar tumatir a gonar wasu, ya dawo mana da mai su lafiya. Mu nan muna nan gwargwado. Matarka Ofelia ta biyo ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, ta kawo mana tukunyar miyar mole, ta ɗan faɗa amma ta ce aiki ne ya yi mata yawa, kada in rubuta maka, ga shi kuwa na rubuta. 'Yarka Citlali ta karɓi haihuwarta ta farko a asibitin da take koyon aiki, namiji ne, kwana uku tana ba mu labari ɗaya. Ruwa ya kusa ɗaukewa, gonakin furen matattu duk sun yi ruwan goro har gindin dutse, yadda kake so.

Na san za ka yi mamakin ganin rubutu, tun da muna waya kowace Asabar. Dalili shi ne Baba. Idanunsa sun yi rauni, ƙafafunsa ma haka, amma kunnen nan na kafinta yana nan garau, ko a bayan gida na yi raɗa sai ya tambaye ni da wa nake. Shi ya sa na zauna a ɗakin girki na rubuta, zan ɗauki hoton shafukan in tura maka. Ka karanta a natse, don akwai abin da nake so ka yi, kuma hankalina ba zai kwanta ba sai ka yi shi.

Maganar Serrana ce. Jirgin wasan katakon nan na lambun wasanni na Arboleda, mai ja da mutane sama a hankali ya sako su suna ihu, wanda Baba ya yi shekara talatin da huɗu yana taka layinsa da guduma kowace safiya kafin a buɗe ƙofa. A ƙarshen Agusta masu lambun suka rufe ta, suka kewaye ta da langa-langa, ba su ce wa kowa uffan ba. Bayan mako guda sai ga hoto a shafinsu, baƙi ƙirin, ba komai a ciki sai idanu biyu rawaya suna kallon mutum. Mako na gaba suka sa gashin tsuntsu guda ɗaya, a ƙarƙashinsa an rubuta 270. A na uku kuwa kukan mujiya ne, tare da kwanan wata, biyu ga Nuwamba, Ranar Matattu, wato ranar da za su faɗi sabon jirgin da za su yi. Iyakar abin da suka fitar ke nan har yau.

To, ka san mijina Nicanor da haukan jiragen nan. Namiji da tumbi da furfura, amma yana da littafin da yake rubuta kowane hawa da ya yi tun yana saurayi. Tun ranar da idanun nan suka fito ba mu sake shan ruwa da shi cikin kwanciyar hankali ba. Suna da ƙungiya a waya, su fi ɗari huɗu, kuma a cikinsu ma akwai ɓangare biyu da ba sa ga maciji da juna, masu zaman gaban jirgi da masu zaman baya. 'Yan gaba suka ce 270 yawan juyawar kan mujiya ne, saboda haka kujeru za su riƙa juyawa da mutum. 'Yan baya, su Nicanor, suka ce ina, wannan tunanin yara ne, 270 kwanakin ginin ne. Wani malamin lissafi ya auna tazarar idanun a hoton ya ce faɗin layin dogo ne, wata mata kuma ta saurari kukan sau ɗari ta ce a bayansa akwai ƙarar sarƙa. A shagon aski Nicanor ya bar wani bawan Allah da rabin kai a aske kusan awa guda yana musu a waya, har mutumin ya tashi ya tafi da tawul a wuya. Maƙwabciyarmu Doña Chayo ita kuwa nata fassarar gajeriya ce, ta ce wanda ya haɗa mujiya da Ranar Matattu ba alheri yake nema ba, ta yi alamar gicciye ta rufe tagarta. Ni da farko dariya kawai nake yi musu.

Dariyar ta ƙare ranar da Nicanor ya hau babban lilon nan mai kama da tayar keke, don daga samansa ne kaɗai ake hango bayan langa-langar. Sau goma sha ɗaya ya hau a yini guda da aron kyamara, har mai kula da lilon ya tambaye shi ko matarsa ce ta kore shi daga gida. Ya sauko da hotuna, a ciki ga ginshiƙan Serrana da katakanta duk an yi musu tabo da fenti ruwan lemo. Ya sa a ƙungiya. Kafin awa biyu duk sun yanke hukunci, 'yan gaba da 'yan baya karo na farko bakinsu ɗaya: fenti alamar rushewa ce, za a kwantar da Serrana a dasa ta mujiya a wurinta. Suka fara buga baƙaƙen riguna, suka yi odar furen jana'iza, wani har ya tsara jawabin ban kwana. Shi kuma gogan naka Nicanor ya dawo gida, muna zaune muna cin abincin rana da Baba, ya buɗe baki ya karanto duka da hawaye a ido. Na taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur har sau uku, ko a jikinsa.

Gabana ya faɗi, na ɗauka Baba zai zube. Sai kawai ya goge hannu ya ce a ba shi hoton. Na kawo masa tabarau, Nicanor ya ƙara girman hoton, Baba ya daɗe yana dubawa, can sai ya yi wata 'yar dariya da na manta rabon da in ji ta. Ya ce wa Nicanor su mutum ɗari huɗu ne amma ba mai ido a cikinsu. Ya nuna masa cewa tabon iri biyu ne, akwai zobe akwai gicciye, kuma shi da kansa ya ƙirƙiro wannan alama tun kafin a haife ni. Kafinta yana buga katako da guduma ya saurara. In ya amsa da ƙarfi sai a zana masa zobe, ma'ana a bar shi. In ya amsa a shaƙe, ya ruɓe ta ciki, sai gicciye, ma'ana a cire. Ya ce wanda zai rushe gida ba ya tsayawa zaɓen katako. Ginshiƙai duk zobe ne, layin da jirgi ke bi ne ya sha gicciye, saboda haka ƙafafun Serrana za su tsaya, sabon layi za a ɗora mata. Nicanor ya kusa sumbatar hannunsa. Ya rubuta a ƙungiya, ya yi sarauta ta kwana biyu, ko da yake masu baƙaƙen rigunan har yanzu ba su yafe masa ba.

Ni na zaci magana ta ƙare. Amma tun daga yammacin ranar Baba ya canza. Ya sa Nicanor ya wanko masa hoton babba, ya shimfiɗa a kan gado, yana bin sa da yatsa har ƙololuwa, inda reshen wata bishiya ya tare. Ba sai na tuna maka abin da ke wurin ba, amma ni sai da na kwana biyu kafin ya faɗo mini. Katakon Mama. Ka tuna al'adar kafintocin Serrana, in an yi wa ɗayansu rasuwa, sai ya hau ya rubuta sunan mamacin da jan ƙusa, wadda aka gasa a wuta, a ƙarƙashin katakon da ya dasa a wannan makon. Mama ta yi shekara ashirin tana yanka tikiti a ƙofar jirgin, kuma a makon da ta rasu katakon can na sama Baba ya sauya, wanda jirgi ke ɗan tsayawa a kansa kafin ya gangara. Shekara goma sha huɗu ke nan sunanta na can.

Yaya, ya daina cin abinci. Kunun atole ma da ba ya wuce shi, sai ya kurɓa sau biyu ya ture. Ya ciro tsohuwar gudumarsa daga akwati ya shafe ta da mai, ya wanke takalman aikinsa ya shanya. Na tambaye shi ina za shi, ya ce zai je ya duba wani abu. Mutumin da ya faɗi a tsakar gida a watan Fabrairu, wanda likita ta ce ko kujera kada ya taka don canza ƙwan fitila saboda jiri da hawan jini, shi ne zai hau matakala ɗari biyu da wani abu a sararin Allah! Na ɓoye takalman a bayan buhun wake, ya gano su. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka, ya zauna yana kallona kamar ina karanta masa jarida. Ranar Talatar da ta wuce na dawo daga kasuwa ban same shi ba. Na zubar da kayan miya a ƙofa na fita da gudu. A tashar bas na iske shi, zaune da takalman a ƙafa da guduma a jaka, ga sandarsa a hannu. Wallahi a lokacin na ga gawarsa a idona, kwance a gindin ginshiƙan nan, kuma na ga kaina ina kiranka in faɗa maka.

A nan tashar na yi alkawarin da ban san zai fito daga bakina ba. Na ce masa ni zan hau in dubo masa. Ni, Yaya, da ka sha yi mini dariya don shekarata arba'in da uku ban taɓa shiga Serrana ba, ni da ko rufin ɗaki ba na hawa shanya. Baba ya dube ni, sannan ya miƙo mini gudumar. Ya ce in na isa in buga katakon wuri uku, gefe da gefe da tsakiya, daga ƙasa, in kanga waya kusa in ɗauko masa sautin. Na ce to, a raina ina cewa rigimar tsufa ce kawai, shi dai so yake ya ji ba a taɓa sunan matarsa ba.

Na je wurin Crisóforo, wanda Baba ya koya wa aiki tun yana ɗan shekara sha tara, yanzu shi ne shugaban kafintoci, kansa fari fat. Ya ce an hana su barin kowa ya shiga, amma saboda Baba, Don Fidencio kamar yadda yake kiransa, ba abin da ba zai yi ba, in zo ranar Alhamis da ƙarfe shida da rabi na safe. Ya ɗaura mini ɗamara mai ƙugiya, ya ce kada in kalli ƙasa, kada kuma in ɗauki hoton komai sai abin da ya kawo ni. Matakalar siririya ce a gefen layin, tsakanin kowane taki kana hango ciyawa can ƙasa. A taki na sittin na tsaya cik. Na durƙusa na ƙanƙame katako, na kira duk waliyyan da na sani har da waɗanda ban tabbatar da sunansu ba. Crisóforo ya tsaya yana jira, sai ya ce Baba yakan hau nan da kofin kofi a hannu ɗaya. Haushin wannan magana ne ya ƙarasa da ni sama.

A ƙololuwa akwai ɗan rufi, kuma a lungunsa na gan ta. Mujiya, Yaya, ta gaske, ƙatuwa, ta buɗe ido ɗaya rawaya ta kalle ni ta mayar ta rufe. Crisóforo ya ce shekararta uku a nan, ba wanda ke damunta. Na tambaye shi ko ita ce ta cikin hoton, ya ce shi kafinta ne, bai san komai game da hotuna ba, amma yana murmushi. Na kwanta rub da ciki na leƙa ƙarƙashin katakon. Sunan na nan, HERMINIA, da rubutun Baba mai karkata, ya yi baƙi amma ana karantawa. A gefensa kuma ga zobe na ruwan lemo, sabo fil. Na fashe da kuka a wurin. Crisóforo ya ce muddin shi ne shugaba ba mai taɓa wannan katako. Na buga wuri uku kamar yadda aka ce mini, na ɗauki sautin. Sai daga baya na tuna cewa lokacin da nake bugawa ya juya baya yana kallon hayaƙin dutsen nan mai aman wuta can nesa.

Saukowa da zama na yi ta, taki ɗaya ɗaya, kada ka faɗa wa kowa. Na biya na sayi burodi mai zaƙi, na shigo gida ina murna tun daga ƙofa, ina cewa Baba zobe ne, zobe ne, ba za su taɓa Mama ba. Fuskarsa ba ta motsa ba. Ya ce in kunna masa. Ya kanga wayar a kunne, ya rufe ido, ya saurara sau uku. Ni a kunnena duk bugu ɗaya ne, amma da ya sa na natsu na ji. Na gefe biyun suna amsawa ƙwas, na tsakiyar kuwa kamar ka buga kabewa. Ya ajiye wayar ya ce, "Katakon nan ya mutu, Eulalia. Tun bara ya mutu." Na ce masa ai Crisóforo ya duba ya ce a bar shi. Sai ya ce, "Abin da ya hana ni cin abinci ke nan. Na san shekarunsa, na san ta inda ruwa ke dukansa, na kuma san Crisóforo zai ga sunan ya yi mini kara. 'Ya'yan mutane ne za su bi ta kai." Na zauna a bakin gado. Mako biyu ina tsaron mutum a kan tsoron da ba shi ne nasa ba.

Ya sa na kira Crisóforo. Ya zo da la'asar, hula a hannu, mutum mai jikoki ya tsaya a tsakar ɗaki ya ƙi zama. Bai yi musu ba. Ya ce shi ma ya ji sautin, niyyarsa ya tallafe katakon da ƙarfe ta ƙasa, don hannunsa ya kasa zana gicciye kusa da sunan Doña Herminia, matar da ta riƙa raba masa abincinta lokacin da bai da kowa a garin nan. Baba ya ce ya gode, kuma ya san don ƙauna ya yi. Amma ya tambaye shi ko a duk shekarun da suka yi tare ya taɓa ganin an yi wa ruɓaɓɓen katako zobe saboda darajar wani. Crisóforo ya sunkuyar da kai. Washegari da safe ya turo mini hoto, gicciye a kan zoben. Na nuna wa Baba, ya duba, ya ce in ɗumama masa sauran miyar Ofelia, ya cinye tas har ya nemi ƙari.

Yanzu ga inda kake shigowa. Ranar ashirin da bakwai za su sauke katakon, Crisóforo zai yanko mana guntun da ke da sunan mu ɗora a teburin da muke shiryawa don Ranar Matattu tare da hotonta. Ranar talatin za su dasa sabo, kuma sun ce sunan zai koma wurinsa. Sai dai ka san ƙa'idarsu, ba a rubutawa a ƙasa, sai katako ya zauna a mazauninsa, kuma hannun ɗan gida ne ke rubutawa. Baba ya ce ko hannun babban ɗansa ko nasa. Ya faɗa sau ɗaya bai ƙara ba, ka kuwa san shi in ya faɗi magana sau ɗaya. Jiya na ga ya sake shafa wa gudumar mai.

Na san aikinku ba ya ƙarewa sai tsakiyar Nuwamba, na kuma san halin mai gonar. In zai sake ka, ka zo, ba abin da zai fi mana daɗi. In ba zai yiwu ba, to ranar Asabar idan ka kira, ka ce a ba Baba wayar, ka faɗa masa da bakinka cewa ka wakilta ni, hannuna hannunka ne. Daga gare ni ba zai karɓa ba, na gwada, amma daga gare ka zai karɓa. Kada ka yi masa wasa, kada ka ce za ka yi tunani, don ranar talatin ba ta da nisa. Takalmansa na kai su gidanka, suna cikin akwatin Ofelia, amma mutumin da ya kai kansa tashar bas da sanda zai iya hawa da silifa. Ni kuma tun shekaranjiya nake koyon riƙe jan ƙusa a bayan gida, na lalata guntayen katako shida, na ƙone yatsa biyu, amma harafin farko na sunan Mama ya fara tsayawa daidai.

Ofelia da Citlali suna gaishe ka, sun ce ka riƙa sa rigar ulun da suka aika. Nicanor na gaisuwa, yana kuma roƙon in gaya masa abin da na gani a sama, na ce masa gajimare na gani, don haka har yanzu suna can suna faɗa a kan 270. Doña Chayo ta ce tana sa ka a addu'a. Ka gaishe mini da kawu Melquiades da Don Eusebio na ɗakinku, da duk mutanen Atlixco da ke tare da kai. Baba bai san da wannan takarda ba, amma na san da ya sani zai ce ka kula da bayanka wajen ɗaga kwando. Allah ya tsare ka, ya sa wayarka ta shigo da wuri ranar Asabar. Zan zauna kusa da ita tun safe.

Ƙanwarka mai tsoron tsani,
Eulalia